Kafaɗu Takwas na Agnetha

Simon Depner birkila ne, kuma shi ne uban makwabta na layin coci a ƙauyenmu, an yi ta sake zaɓarsa har aka daina tambaya. Mutumin kirki ne, ban hana shi wannan ba. Amma kansa ya fi tubalin da yake gini da shi tauri, kuma hali zanen dutse.

Ƙungiyar makwabta kakanninmu Saksawa ne suka kafa ta bayan zuwansu ƙasar nan daga Jamus, shekaru ɗaruruwa baya. Gobara ta ci rumbunka, makwabta su gina maka wani. Ka mutu, su haƙa kabari, maza takwas su ɗauke ka a kafaɗa tun daga ƙofar gidanka har kan tudun maƙabarta. Dokokin na rubuce cikin wani tsohon sanduƙi a ɗakin Simon, ya haddace su tsaf, ya fi sanin su a kan sunayen jikokinsa.

'Yarsa ɗaya ce, Rosina, ita kuwa ta auri Traian, Baromaniye mai tuƙin tarakta, ba Basakse irinmu ba. A taron shekara Traian ya shigo da hularsa a hannu ya roƙi a sa sunansa. Simon bai ko ba shi kujera ba.

"Sanduƙin nan bai taɓa jin wani yare ba sai namu. Ba kuwa a hannuna zai fara ba."

Traian ya mayar da hularsa ya fita. Duk da haka shekara goma sha shida shi ke faskara wa surukansa itacen hunturu, Simon na tsaye yana gaya masa bai iya riƙon gatari ba.

Da aka buɗe iyaka a 1990, mutanenmu suka yi ta kwarara Jamus kamar ana korarsu. Kafin iyali su tashi sai sun sa an daɓe kaburburan iyayensu da siminti, tunda babu mai cire ciyawa a bayansu. Simon ke wannan aiki. Duk wanda ya tare shi da maganar siminti, an san ya ɗaure kaya, ko da jiya ya rantse a coci cewa nan za a binne shi. A bazara ɗaya ya rufe kabari sittin da wani abu, yana dawowa gida fari fat, ya ci burodi da kitse da albasa.

Matarsa Agnetha tana kwance tun farkon shekara, huhu ya ƙi. Gadonta na jikin taga.

"Yau na su wa ka rufe?" ta tambaye shi wata rana da ya dawo.

"Na su Gierlich."

"Saura maza nawa a layin?"

"Goma sha ɗaya."

"Ji tsohon maƙaryaci! Kana tsammani ban iya ƙirga gidajen da ke hayaƙi ba? Bakwai ne, ɗaya ma na gwauruwa ce."

Ba mutuwar ce ke ba ta tsoro ba. Tana 'yar shekara goma sha takwas aka kwashe su ita da yayarta Sara zuwa ramukan kwal na Rasha, gab da ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Can Sara ta mutu, Agnetha na kallo aka jefa ta a amalanke tare da wasu gawarwaki, ƙafafunta na reto. Ba ta taɓa ba 'yarta labarin ba. Simon kaɗai ya sani.

"Kada ka bari a ɗora ni a amalanke, Simon. Ban roƙe ka komai ba tun da ka aure ni, ko takalmi."

"Muddin ina uban makwabta, a kafaɗa za ki hau tudun nan."

Ta rasu cikin Nuwamba, ana tsakiyar ruwa. Maza biyar suka rage a ƙungiya har da Simon, ƙaraminsu shekararsa sittin da shida. Ranar jana'iza da safe Traian ya iso da ƙannensa uku daga ƙauyensu na bayan dutse, majiya ƙarfi, cikin baƙaƙen kaya, sun yi aski.

"Baba, ga mu. Mu kama baya, ku kama gaba."

Simon ya tsaya a bakin ƙofa ya tare ta. "Ku bi sahu a baya kamar kowa. Ɗauka ta makwabta ce."

Mathes Kloos, tsoho mai ciwon gwiwa, ya ja shi gefe. "Haba Simon! Dube mu fa. Ni buhun dankali ma sai jikata ta kama mini. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

"Doka ta ce makwabta."

"Inna kafaɗa ta ce, Baba," in ji Rosina. "Ba ta ce kafaɗar wa ba."

"Ke ki yi shiru, mata ba sa magana a wannan."

Ƙannen Traian suka dubi juna. Babbansu ya tofar da yawu a taɓo ya ce, "Yaya, ka kira mu ɗaukar gawa ko cin mutunci?" Suka juya suka kama hanyar gida. Traian bai bi su ba, ya koma can ƙarshen sahu.

Tsofaffi biyar suka ɗaga akwatin. A kan layi sun yi ƙoƙari, ba a raina musu ba. Amma tudun maƙabarta doguwar hawa ce, ruwa ya mai da ita sulɓi. Ba su kai rabi ba gwiwar Mathes ta lanƙwashe. Ya faɗi, na kusa da shi ya bi shi, akwatin ya zame ya daki ƙasa, aka ji gawar ta motsa a ciki. Rosina ta ƙwalla ihu. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan safiya ba.

Mathes bai iya tashi ba. Na biyun yana zaune cikin taɓo yana dafe da ƙirji. Simon ya waiga, idonsa ya sauka kan surukinsa. Traian ya zo da kansa ya kama. Suka gwada su huɗu, sau biyu, akwatin ya ƙi wuce gwiwa. Ƙannensa kuwa sun yi nisa, kuma ko an kira su ba za su dawo ba.

Fasto na jira a sama, ruwa na ta zuba. Traian ya gangara gidan farko ya aro amalanken doki, ya share ragowar takin da ke ciki da hannunsa, ya shimfiɗa kwat ɗinsa. Haka Agnetha ta hau tudun. Simon na biye, ya riƙe gefen amalanken, yana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri," ba a san ko da ita yake ba ko da Allah.

Ya ƙara shekara huɗu a duniya. Bai je Jamus ba, bai sake riƙe cokalin gini ba, Rosina kuma ta ci gaba da kai masa abinci ba tare da ta zauna ba. Ranar da ya mutu babu namiji ko ɗaya da ya rage a ƙungiya. Rosina ta ce wa mijinta ya je ya aro amalanken nan.

"A'a," in ji Traian.

Ya haye dutse ya roƙi ƙannensa, ya haɗa da 'ya'yan kawunsa, suka cika takwas. A kafaɗa suka kai Simon har bakin rami, ba su sauke shi ko sau ɗaya a hanya ba. Rosina ta tsaya a gindin tudu, ba ta hau ba.