Kora Ba Ta Zuwa da Kiɗa

Ku matso kusa, ƴan'uwa, ku gyara zama, yau hirar Kawu Ilu ce ta taso mini, wanda duk Magariya ta sani da Shef, wato shugaba. Ku da kuka san shi, na san tun ban buɗe baki ba kun fara murmushi. Wanda bai san shi ba kuwa, ƙanin mahaifiyarmu ne. Ya yi shekaru yana shugabancin sashen saye a wani kamfanin gyaɗa a Damagaram, har ranar da aka yi ragin ma'aikata, abin da shi yake kira kwampiresiyo, aka haɗa da shi. Ya dawo gida da akwati ɗaya da kujera mai juyi irin ta biro, wato ofis, ɗaure a saman mota tare da buhunan albasa.

Kujerar nan ba mai taɓa ta. Taya ɗaya ta ɓace a hanya, ya tokare wurin da bulo. Kullum bayan la'asar, in akwai kuran, wato wutar lantarki, sai ya ɗaura karabat, igiyar wuyan nan ta ma'aikata, a kan jallabiya, wallahi a kan jallabiya, ya hau kujerarsa a rumfa, ya ɗauko telekomand, abin latsa talabijin, wanda ya naɗe a leda tun ranar da aka saye shi, ya shiga neman fim. Ba na soyayya ba, ba na faɗa ba. Na Turawa yake so, wanda ake korar manya daga aiki. Kuma ba don daɗinsa ba. Don ya zage su.

Ni ban yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, faransancina bai wuce gaisuwa ba. Amma katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa, sai in ɗauko tsintar wakena in zauna kusa da matarsa, Inna Zuwaira, shi yana fassara mana. Fassarar Kawu fa, rabi maganar Bature ce, rabi tasa.

Finafinan nan duk uwarsu ɗaya. Za a kira mutum wani ɗaki na gilashi, a zaunar da shi, a miƙo masa ruwa a kofi. Da an faɗa masa maganar, sai wani kiɗa mai sanyi ya tashi, kamar ana jan goge a bayan labule. Nan Kawu zai buga hannun kujera.

"Ƙarya ne! Kora ba ta zuwa da kiɗa! Ni ranar tawa fanka kaɗai ke ƙara, ita ma tana ƙif-ƙif. Takarda aka turo mini ta hannun mai shara, ko ruwan ba a ba ni ba!"

Sai kuma kwalin. Kai, wannan kwali! Kowane korarre sai ya fito rungume da kwali, a ciki hoton matarsa da wani ɗan tsiro a tukunya. Ya bi tsakanin tebura yana tafiya a hankali kamar amarya, kowa na sunkuyar da kai.

"Zuwaira, dubi abin da ya tara! Shekara ashirin yana shugabanci, ganye! Ko yakuwa ce ai da an yi miya."

Inna ta ce, "To kai me ka kawo? Kujera gurguwa."

"Gurguwa ce, amma ana zama. Je ki zauna a kan ganyensa in gani."

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne kukan. Mutum zai koma gida mai bene, mota biyu a ƙofa, firijo cike har ba ya rufuwa, ya tsaya jikin taga ruwan sama na zuba, yana share ido. Mu da muke roƙon ruwan nan da azumi da sadaka, shi ya samu yana yi masa kuka! Ni kaina abin ya ba ni haushi. Na ce, "Kawu, ina danginsa? Ba mai leƙo shi?"

Ya ce, "Yawwa, Hajara, kin fi mai fim ɗin hankali. Ina masu jaje? Gari guda ba tsohuwa ɗaya da za ta zo ta ce masa sannu da wannan abu? Sai kwalbar giya. Daga shi sai kwalba da taga."

Ƙarshen fim kuwa kada ku so ku ji. Cikin ɗan lokaci korarre zai buɗe gidan burodi, ko ya sayi kwalekwale ya koma kamun kifi, ya yi ta dariya, wai yanzu ne ya san daɗin duniya, wai korar ma alheri ce. Kawu ya ce shi ma ya gwada nasa alherin, ya zuba kankana a fadama, awakin unguwa suka gano daɗin duniya a madadinsa.

Wata rana ana cikin kallo ya tsayar da mu da tambaya.

"Kun lura? An rufe sashe guda, amma mai karabat kaɗai ake nunawa. Ina direbansa? Ina mai gadi? Ina matar da ke goge gilashin nan? Su ba a kore su ba? Su ba su da taga da za su tsaya?"

Inna ba ta ko ɗago daga tankaɗe ba, ta ce, "Malam, kai da aka kore ka, ka taɓa neman naka direban?"

Ranar dai fim ya ƙare ba fassara.

Washegari ya sa babbar riga, ya sa aka ɗaure masa ƙwaryar gero a ɗan buhu, ya hau motar Mallawa, wai zai je ya yi wa tsohon direbansa Abdu jaje, jajen da ya makara da shekara da shekaru. Yana tafe yana shirya kalaman tausayi. Ya isa ya tarar Abdu na da motocin kansa, yana dakon riɗi zuwa Najeriya, ya yi ƙiba har wuya ya ɓace. Abdu ya rungume shi, ya yanka masa zakara, ya ce shi zai mayar da shi gida da kansa.

"Shef, bisimilla, shiga gaba."

"A'a, Abdu. Ka manta? Ni a baya nake zama."

Motar kuwa buɗaɗɗiyar baya ce. Haka ya shigo Magariya a kan buhunan riɗi, tsakanin kaji, hannu ɗaya riƙe da hula, ɗayan rungume da geronsa da ya ji kunyar bayarwa. Da ya sauko Inna ta ce, "Ya mai jaje?" Ya kakkaɓe riga ya ce, "Yaron yana cikin wani hali. Ƙiba za ta kashe shi."

Duk wannan muna ɗaukarsa abin dariya ne, sai da abin ya shigo gidanmu.

Ƙanena Sani shi ne ya yi karatu a cikinmu. Shi ne shef na reshen wani kamfanin waya a nan Magariya, da biro nasa da mutane a ƙarƙashinsa. Ya je ko'ina ana ce masa ranka ya daɗe, mahaifiyarmu kuwa ba ta gama magana uku ba ta ambaci sunansa ba. Ashe an haɗe reshensu da na wani gari, an sallame shi, ta waya ma aka gaya masa. Bai faɗa wa kowa ba, har matarsa. Kullum da safe ya goge takalmi, ya sa riga mai guga, ya hau babur ya fita. Ashe hanyar Dungas yake bi, ya sami inuwar wata tsamiya ya wuni.

Ni kuma Allah ya ba ni kunne. Wata safiya ina shanya a bayan ɗaki na ji shi a waya, murya ƙasa-ƙasa, yana cewa, "Alhaji, in an sauko daga Juma'a sai mu je ka ga iyakar gonar. Amma don Allah kada kowa ya ji." Gonar da Baba ya bar mana ce, kasonsa zai sayar, ya hau motar arewa zuwa wurin haƙar zinariya, inda muka san mutum nawa suka tafi ba su dawo ba. Zanin da ke hannuna ya faɗi a ƙasa. Ko mayafi ban tsaya nema ba na zagaya wurin Kawu.

Ya saurare ni yana juya kujerarsa hagu da dama, iyakar inda bulo ya bari.

"Gonar ce ban sani ba. Korar kam na sani tun sati biyu."

"Wa ya gaya maka, Kawu?"

"Wayarsa. Da, ko gaisuwa ba ma gamawa sai ta yi ƙara sau uku. Yanzu sai ya yi ta ciro ta yana dubawa, ita kuwa shiru. Kuma wane biro ne ake dawowa da ganyen tsamiya a hula?"

Ranar Alhamis da la'asar ya aika aka kira Sani, wai ya zo ya duba masa tele. Ya zaunar da shi, ya kunna wani fim da ya sa aka tura masa a waya, na wani babban darakta da aka kora yake ɓoye wa iyalinsa, kullum ya ɗauki jaka ya je ya wuni a benci yana watsa wa tattabaru burodi. Sani yana jin faransanci fiye da kowa, amma Kawu ya dage sai ya fassara.

"Ka ga wawa? Ya ce wa matarsa yana da taro. Da tattabaru! Ka ga takalminsa yadda yake sheƙi? Wanda ba ya zuwa ko'ina shi ya fi kowa goge takalmi."

Sani ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin benci.

Sai Kawu ya kashe tele. Bai taɓa kashe fim a tsakiya ba. Ya kwance karabat ya ajiye a cinya.

"Wannan ne kaɗai wurin da ba su yi ƙarya ba. Ni wata uku na yi ina ɓoyewa a Damagaram. Zuwaira tana nan, tambaye ta. Wata uku ina ɗaura wannan igiya ina zuwa tasha in zauna bayan masu shayi. Ba wanda ya ce mini sannu, don ba wanda ya sani. Ba korar ce ta cinye ni ba, Sani, zaman tashar ne. Kai kuma na ji har gona za ka haɗa."

Sani ya kalle ni, kallon da har yau ina tunawa. Ya tashi ya fita.

Mun ɗauka an gama. Ina! Ba ku san Kawu ba ke nan. Ranar Juma'a ana idar da salla ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce, "Jama'a, an yi wa ɗana Sani kwampiresiyo, an raba shi da aikinsa. Muna zaman jaje a ƙofar gidana daga yanzu har magariba." Ya riga ya sa an shimfiɗa tabarmi, Inna ta dama fura.

Sani ya iso kamar zai tashi sama.

"Kawu, ka tona mini asiri a gaban gari!"

"Sata ka yi?"

"A'a."

"To zauna. Nan, a kujerata."

Mu duka muka dubi juna. Kujerar da ko ƙura sai da izini ake kaɗe mata!

Mutane kuwa suka yi ta zuwa. Wata tsohuwa ta kawo ƙwai a ƙoƙo ta ce, "Sannu, ɗan nan. Dama ni ban taɓa gane aikin ba, kullum latse-latse." Wani Bafulatani abokin Babanmu ya zo da nono, ya ba shi labarin shekarar da garkensa ya ƙare ya bar shi da sanda kaɗai, ga shi yau yana kora wasu shanun. Mai gadin reshensu, wanda aka sallama rana ɗaya da shi, ya zo ya durƙusa zai yi gaisuwa, Kawu ya ce, "Tashi! Kai ma mai karɓar jaje ne. A ba shi wuri kusa da shef ɗinsa." Mahaifiyarmu ta fito ta tsaya bakin zaure, abin da ta ce kawai, "Au, saboda wannan ne kake barin tuwo? Ni na zaci ciwo ne."

Can sai ga Alhajin da zai sayi gona, shi ma ya zo jaje, don ba yadda zai yi. Kawu ya riƙe hannunsa ya ƙi saki.

"Alhaji, mun gode. Na ji kana son ganin iyakar gonarmu. Ka zo da damina, lokacin ta fi kyan gani, Sani zai yanko maka ɗanyen gero."

Alhaji ya yi dariyar dole, ya sha fura, ya sulale.

Nan Sani ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suka shiga rawa. Kowa ya yi tsit. Ba taga, ba ruwan sama, sai wata akuya da ke kuka a bayan katanga. Kawu ya sa hannu a kunne ya waiga.

"Jama'a, akwai wanda ya ji kiɗa?"

Har Sani sai da ya yi dariya cikin hawaye.

Bai buɗe gidan burodi ba, kada in yi muku ƙarya irin ta masu fim. Daminar nan noma ya yi, hannunsa ya yi kanta, ya yi baƙi, wata rana ya wuni ba ya magana da kowa. Daga baya Abdu na Mallawa ya ɗauke shi yana kula masa da lodin riɗi. Ba a ce masa ranka ya daɗe yanzu. Amma gonar tana nan, shi ma yana nan, da yamma muna jin ƙarar babur ɗinsa.

Kawu ya rasu bara bayan kaka, kwana huɗu ya yi a kwance. Kujerar tana rumfa a kan bulonta, karabat rataye a jiki, telekomand cikin ledarsa. Wani lokaci in na shiga na tarar da Inna ta kunna tele, Bature rungume da kwalinsa yana tafiyar amarya, kiɗa na tashi, mu biyu sai mu yi shiru muna jiran a buga hannun kujera.

Allah ya jiƙanka, Kawu Ilu. Allah ya yafe maka zagin Turawan da ba su san kana yi ba, ya sa ka a inuwar da ba a korar kowa, ya saka maka da sannun da ba ka samu ba a tasha.

To ku fa, masu saurarona, a gidanku ko a unguwarku, wa ke fita kowace safiya da takalmi a goge, wayarsa kuma shiru? Kun je kun ce masa sannu?