Ƙullin Fata a Jikin Allon Makafi

Ni mutum ne da ba ya iya zama a ɗaki yana kallon abu a karkace. Iyalina sun daɗe da sanin haka, kuma yanzu da na cika hamsin na fara zargin cewa abin da nake kira son tsari, rashin natsuwa ne kawai. Da wannan hali na shiga ajin yara makafi da aka tura ni, a wata firamare cikin garin Daura, bayan na dawo daga ƙaro karatu a jami'a kan koyar da masu buƙata ta musamman.

Yara goma sha ɗaya na tarar, tare da wata malama da ta girme ni, wadda ta riƙe ajin ita kaɗai tun ana yinsa a ƙarƙashin rumfa. Kowane yaro yana da allon rubutun makafi, wato faranti biyu na roba masu ƙananan ramuka da ake matse takarda a tsakaninsu, da tsinken da ake huda takardar da shi. Yadda ake ajiye allunan ya hana ni sukuni: wani a bakin taga, wani a ƙarƙashin benci, wani a rataye a ƙusa bayan ƙofa. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne ɗan ƙullin fata da ke ɗaure a jikin kowane allo, duk sun yi baƙi saboda shafa. Kallo ɗaya na yi musu na yanke cewa layu ne. Ban tambayi kowa ba. Na ce a raina ajin da nake shugabanta ba zai zama wurin camfi ba.

Cikin yaran akwai ɗan shekara tara daga wani ƙauye a ƙasar Dutsi, yana zaune wurin gwaggonsa a cikin gari. Mahaifinsa manomi ne, kuma bai kawo shi da zuciya ɗaya ba. Zango ɗaya ya yarda. Idan an gama girbi zai zo ya ga abin da yaron ya koya, in bai ga komai ba ya mayar da shi gida ya zauna kusa da uwarsa. Yaron kuwa ya riga ya iya rubuta sunan mahaifinsa da na ƙauyensu. Sai gwaggon ta aiko cewa ranar Litinin uban zai zo.

Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. Ranar Asabar da hantsi, babu kowa a makarantar, na buɗe ajin na fara aiki. Na jera bencina layi biyu. Na shigo da wata kanta daga sito, sau uku ina sauya mata bango kafin raina ya kwanta. Na sa reza na yanke ƙullin fatun nan duka, na zuba allunan a roba ɗaya na wanke su da sabulu, sannan na manna wa kowanne farar takarda na rubuta sunan yaro da alƙalamin maka, da rubutuna mafi kyau. Niyyata in ƙona ƙullin, amma sai na ji tsoron kada akwai sunan Allah a ciki, na zuba su a aljihun tebur.

Ranar Litinin uban ya riga malama zuwa. Dogo ne, mai ƙarancin magana. Na ba shi kujera, ya ce tsayuwar ta ishe shi. Da yaran suka fara shigowa, ta farko ta buga gwiwa da benci a inda ba ta taɓa sanin akwai benci ba. Yaron ya miƙe zuwa bakin taga, inda allonsa yake kwana, ya shafa ya ji wayam. Na kama hannunsa na kai shi gaban kanta.

"Ga naka nan, na huɗu daga dama."

Ya ɗauka, yatsunsa suka bi gefen allon suna neman wani abu. "Malam, ba nawa ba ne."

"Naka ne mana, ga sunanka a jiki."

Sai da maganar ta fita daga bakina na ji abin da na faɗa. Na kuma tuna cewa a ruwa ɗaya na wanke su, don haka ni kaina ban san wanne ne nasa ba. Yaron ya shafa alluna goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya, ya sake farowa. Daga nan ya tsuguna a gindin kantar.

Uban ya dube ni. "Malam, wata uku ke nan. Allonsa ma bai sani ba?" Ya juya wajen ɗansa. "Kai, tashi mu je."

A daidai nan malama ta shigo. Ta dubi bencina, ta dubi kantar, ta ajiye jakarta a hankali.

"Malam, waɗannan sunaye wa zai karanta su, ni ko kai? Ina alamomin yaran?"

"Layun kike nufi, Hajiya?"

"Wane irin layu? Ni na ce kowane uba ya kawo abin da ɗansa zai riƙa gane kayansa da shi."

Uban ya ce, "Ni na kai wa baduku ya ɗinka nasa. Ƙwallon dabino biyu ne a ciki."

Na jawo aljihun tebur. Malama ta shimfiɗa tabarma ta zazzage ƙullin a kai, ta ce kowa ya zo ya ɗauki nasa. Kafin in gama rufe aljihun, an kwashe su. Wani maɓalli ne a cikin nasa, wata tsakuwa uku. Yaron ya damƙe nasa bai saki ba har malama ta ɗaura shi a jikin wani allo, ta matse masa takarda. Ya daɗe yana murza ƙullin, sannan ya fara hudawa. Da ya gama, malama ta miƙa takardar ga yarinyar da ta buge gwiwa, ta ce ta karanta da ƙarfi. Yarinyar ta bi layin da yatsa, ta faɗi sunan uban da na ƙauyensa, alhali ba ta taɓa jin su ba.

Uban ya karɓi takardar, ya shafa ta da babban yatsa, ya ninke ya sa a aljihu.

"Ya zauna. Amma Malam, a riƙa bar masa kayansa inda ya ajiye."

Sauran ranar muka yi ta mayar da bencina, yaran ne ke gaya mini inda kowanne yake. Kantar ta koma sito. Tun daga lokacin ba na motsa ko kwandon shara sai na zaga da su sun shafa sabon wurinsa.

Bayan mako biyu, ina duba aikinsa, yaron ya ce mini a hankali, "Malam, wannan allon fa ba nawa ba ne. Nawa yana da ɗan tsagu ta ƙasa." Na ce mu nemo shi yanzu. Ya ce a bari, wanda yake hannunsa ya riga ya saba da shi.

Allon yana nan a bakin taga, a karkace. Kullum da safe sai na ji hannuna yana son gyara shi, sai in sa hannun a aljihu in wuce.