Malami da Kalmomi Masu Wutsiya Ɗaya

Malami haifaffen Bodinga ne, ɗan wani mai gyaran keke a bakin kasuwa. Karatunsa bai wuce aji bakwai ba, amma ya fito daidai lokacin da aka buɗe makarantun firamare ko'ina, ana neman masu tsayawa gaban allo. Aka yi musu kwas na 'yan watanni, aka tura shi Dandin Mahe a ƙasar Shagari. Can ya zauna, can ya auri Zulaihatu, 'yar Baba Attahiru manomin albasa.

Turanci yake koyarwa, kuma yana da tasa hanyar. Ba ya ba yara kalma ita kaɗai. Sai ya jero waɗanda suka yi tarayya a haruffan ƙarshe, ya rubuta teacher, farmer, driver, ya ja layi ƙarƙashin ƙarshensu.

"Kun ga wutsiyarsu guda ta? Malami, manomi, direba. Duk mai wagga wutsiya, mai wani aiki na."

Yara suna son abin, har rera shi suke yi a hanyar gida. Shi ma ya yarda da shi har zuci. A ganinsa kalmomin da suka yi kama dangi ne, in ka san ɗaya ka kusa sanin saura. Da yake shi ne mai Turancin unguwar, kwalbar magani ko buhun taki, duk gare shi ake kawowa ya karanta.

Sai zamani ya juya. Tun farar hula na kan mulki aka fara tsuke bakin aljihu, sabulu da madara suka ɓace a kanti. Soja suka karɓa, damina kuma ta zo da ƙarancin ruwa, gero bai yi ba. Gidan Baba Attahiru duka suka zuba ido ga albasar rani. Shi da babban ɗansa Maniru suka yi dashe a fadama, suna ban ruwa da jigo. Albasa ta kama, lawashi ya yi kore shar. Sai ƙwari suka sauka mata.

Maganin feshi ya yi wuya a shekarar. Da ƙyar Maniru ya samo galan ɗaya a kasuwar Bodinga, wurin wani mai tebur da shi ma bai san abin da ke ciki ba. Bayan la'asar tsohon ya aika a kira Malami. Ya zo ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa ya gaida surukinsa. Akwai maƙwabta zaune a kan tabarma.

"Malam, duba muna wanga. Na ƙwari na?"

Malami ya juya galan. An rubuta herbicide da manyan haruffa, ƙasa kuma ƙananan rubutu cike da kalmomin da bai taɓa gani ba. Ya san insecticide, ya san pesticide, duka maganin ƙwari ne. Ga wutsiya iri ɗaya. Herb kuwa ganye ne. Ya ce a ransa, to, maganin ƙwarin ganye ke nan. Wani abu ya ɗan ja shi baya, ya ji kamar ya ce a bari ya tambayi malamin gona a Shagari. Amma mutane na kallonsa, ga suruki na jira.

"Na ƙwari na, Baba. Danginsu guda da wanda aka saba."

Washegari Maniru ya ari famfon feshi ya bi fangali-fangali. Kafin Juma'a lawashi ya yi fari, ya kwanta kamar an zuba masa tafasasshen ruwa.

Malami ya hau keke ya kai galan wurin malamin gona. Mutumin ya duba ya ce ai wutsiyar tana nufin kisa ne kawai, kan kalmar shi ke faɗin wanda za a kashe. Wannan ganyen kansa yake kashewa, don ciyawa aka yi shi. A hanyar komawa sai da Malami ya sauka daga keke ya zauna ƙarƙashin wata bagaruwa.

Ba abin da zai ɓoye, gaban mutane ya yi maganar. Ya je ya durƙusa ƙofar Baba Attahiru, ya kasa ɗaga kai. Ya so a zage shi. Sai tsohon ya ce, "Tashi, Malam. Abin da Allah Ya rubuta shi na. Kai dai taimako ka yi nufi."

Wannan magana ta fi masa duka ciwo. Ya kuma lura Zulaihatu tana rage tuwon gidansu, tana aika ƙwarya gidan ubanta a ɓoye. Ya yi kamar bai gani ba, ya fara cewa ya ƙoshi tun kwano bai yi rabi ba.

Kafin bazara Baba Attahiru ya sayar da shanun huɗarsa. Maniru ya bi motar albasa ya tafi kudu cin rani. Damina ta sauka bai dawo ba. Wata ta sake sauka, sai dai saƙon gaisuwa ta bakin direbobi.

A shekarar da Maniru ya tafi ne aka rage malaman da ba su da takardar shaida, har da Malami. Bai nemi wani aiki ba. Ya ɗauki fartanya ya shiga gonar surukinsa a gurbin Maniru. Hannun da ya saba da alli ya yi kanta, bayansa ya saba da jigo. In aka kawo masa kwalba ya karanta, sai ya ce a kai Shagari. Mutane suka yi ta ƙorafi, wasu suka ce girman kai ne. Haka ya yi shekaru, da rani da damina, har tsohon ya kwanta ciwon ajali. Malami ne ya yi jinyarsa.

Maniru ya iso bayan an yi addu'ar uku, da mata da 'ya'yan da ba su jin Hausa sosai. Da yamma suka taka zuwa fadama su biyu. Malami ya daɗe yana juya maganar kafin ta fito.

"Ni na raba ka da tsoho, Maniru."

Maniru ya yi dariya kaɗan. "Haba Malam. Ni tun tuni nike son tafiya. Kunyar tsoho ta hana ni. Ko albasa ta yi, da na tafi."

Malami ya dube shi, ya kasa gane ko gaskiya ce ko lallashi. Bai sake tayar da maganar ba. Bayan sadakar bakwai Maniru ya kwashi iyalinsa suka koma kudu, ya bar gonar a hannunsa. Malami ya ci gaba da nomanta, kuma duk kaka kason surukarsa, uwar Zulaihatu, yake fara aunawa kafin a kai ko tiya ɗaya gidansa.