Telan Da Ya Ɗinka Wa Esi Riga

A unguwarsu babu mai kiransa da sunansa, Baba Mai Rufi kowa ke ce masa, shi kuma da ƙarfi yake amsawa. Tela ne, ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana taka keke. Da ƙarfinsa yana da shago a bakin titi, da ido ya fara raguwa sai ya kwaso keken ya kafa a kusurwar falo, yana 'yan gyare-gyare: a rage ƙugun wando, a sa zif, a kalmasa bakin riga. Da wannan ake cefane, ba yabo ba fallasa.

Garin nasu busasshe ne. Ruwan sama baƙo ne, in ya zo ma ba ya zama, ƙura kuwa 'yar gida ce. Baba ya ɗauki ƙura abokiyar gaba, kuma makaminsa ɗaya ne, ƙyalle. Talabijin na da riga. Fanka na da hula. Firij na da mayafi mai aljihu biyu a gefe. Rimot ma an ɗinka masa 'yar jaka mai maɓalli, sai ka ɓalle kafin ka canza tasha. Matarsa takan ce ita ba ta yarda ta daɗe zaune wuri ɗaya, kar ta yi gyangyaɗi ta farka a cikin murfi. Amma fa kar a yi masa dariya da yawa, rediyonsa ya girmi ɗansa na fari kuma har yau yana magana.

'Yarsu Auta ma'aikaciyar jinya ce a wani gari. Da ta ga zafi na hana mahaifiyarta barci, ga hawan jini, sai ta yi wata takwas tana tara kuɗi, ta sayo esi, injin sanyaya ɗaki, sabo dal aka kafa a ɗakin Mama. Na cikin ɗaki Baba ya ƙyale shi, don ko shi ya ga ta nan sanyi ke fitowa. Akwatin da aka maƙala a bangon waje ne ya tsaya masa a rai. Ga shi nan tsirara, rana na dukansa, ƙura na shiga ta kowace kafa. Abin da 'yarsa ta sha wahala ta saya!

Kwana biyu ya daure. A na uku ya ɗauko tef ya hau kujera ya yi awo. Yadi mai kauri ya zaɓa, irin na labule, ya yi masa shafi, ya sa zif a gefe, ya bi bakin da ado. Rigar ta zauna wa akwatin ɗas, ko yatsa ba ya shiga. Har maƙwabta sai da suka leƙo kallo.

"Malam, anya wannan abin ba numfashi yake yi ba?" in ji matarsa.

"Inji ne, Maman yara, ba jariri ba. Ke dai shiga ki sha sanyinki."

Ta shiga ta sha, amma bai daɗe ba. Sanyin ya riƙa raguwa, akwatin ya soma gurnani a cikin rigarsa. Baba ya ce ai sabon abu haka yake, sai ya saba da gida. Wata rana da tsakar rana aka ji ƙauri, esi ya yi tsit.

Mai gyaran da aka kira dattijo ne marar yawan magana. Ya zagaya bayan ɗaki, ya tsaya ya daɗe yana kallon bango.

"Baba, wa ya yi wannan aikin?"

Baba ya gyara tsayuwa. "Ni ne nan."

"Ɗinki ya yi kyau, wallahi. Shi ya kashe shi."

Ya zuge zif ɗin ya yi bayani a hankali, kamar mai gaya wa mutum rasuwa. Zafin da ake kwasowa daga ɗaki, ta wannan akwatin yake fita. A gari mai ƙura, abin da yake so shi ne a riƙa wanke shi da ruwa lokaci-lokaci, a bar shi ya sha iska. Da gas ne ya ƙare, da abin da sauƙi. Amma kwamfuresa ce ta ƙone, ita ce zuciyar injin, kuɗinta ya haura rabin kuɗin sabon esi. Ga shi lokacin zafi ne, ta kowa ƙonewa take yi, masu sayarwa sun ɗaga hanci.

Baba ya yi ciniki irin na wanda ya tsufa a kasuwar yadi. Ya yi dariyar rainin farashi, ya juya baya kamar zai tafi, sai ya tuna a gidansa yake. Mai gyara ya rage kuɗin aikinsa don girman furfura, ya ce na kaya kam ba shi ya sa ba.

Ranar Talata ke nan, Auta kuma za ta zo ranar Asabar.

"Ka gaya mata mana, 'yarka ce," in ji matarsa.

"Da wane bakin? Yarinyar nan da ƙafa ta riƙa zuwa aiki don ta tara kuɗin nan. In ce mata me? Na shaƙe shi da hannuna?"

Ba faɗa yake tsoro ba, Auta ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Kunya ce ta kama shi, irin wadda ke hana tsoho cin abinci. Ya san in ta ji za ta ce ba komai, ta koma ta sake tafiya da ƙafa, ga ta da ciki wata bakwai. Wannan ne ba zai iya gani ba.

Akwai wani tela a bakin kasuwa da ya daɗe yana zawarcin keken Baba, don irinsa na da ne, ƙarfe zalla. Ranar Laraba Baba ya aika masa. Mutumin ya zo ya kwance kan keken ya ɗauka, ya bar teburin. Baba ya samo kwali daidai girmansa ya ɗora a wurin, ya ja rigar keken ya rufe. In ka shigo falo ba za ka ce an taɓa komai ba. Ya nemi matarsa ta yi alkawarin yin shiru, ta ce ta ji, ba ta ce ta yarda ba. Da kuɗin keken aka sayo kwamfuresa, ranar Juma'a esi ya tashi.

Auta ta iso da rana tsaka, ta wuce ɗakin Mama ta zube a gado tana sauke numfashi.

"Baba, yaya esin? Ba ya ba ku matsala?"

"Lafiya lau. Ko tari bai taɓa yi ba."

"Na ga akwatin waje babu riga. Yaya aka yi ya tsira daga hannunka?"

Baba ya ce ai inji na son iska, kowa ya san wannan. Matarsa ta dubi silin.

Da ta huta, Auta ta buɗe jaka ta fito da wani farin yadi mai laushi. Ta ce an yi ta ba ta kayan jarirai na kanti, amma rigar farko da ɗanta zai sa, ta kakansa take so. Kafin Baba ya samo abin faɗa ta riga ta isa falo, tana cewa ta yi kewar ƙarar keken nan. Ta ɗaga rigar keken, kwali ya biyo hannunta ya faɗi ƙasa.

Mama ba ta jira an tambaye ta ba, ta zayyana komai tun daga awo har zuwa zif. Da aka zo wurin shafi Auta ta fashe da dariya, ta yi ta yi har ta dafa tebur. Sai kuma dariyar ta tsaya, ta shafa ramin da kan keken ya bari a katako.

"Baba, na saya ne don ku huta. Ban saya don ka rasa sana'arka ba."

"Sana'a tana hannu, Auta. Kawo yadin."

Ya zauna a bakin gadon Mama, ya shimfiɗa yadin a cinya ya yanka da ido, ko awo bai yi ba. Ya zaro allura daga jikin hularsa, ya lashi bakin zare ya kai, ya kuskure. Ya matsa kusa da taga ya sake, ya kuskure. A keke da lalube yake sa zare, yatsunsa sun san hanya, ya manta rabon da ya nemi kafar allurar hannu.

Auta ta zauna kusa da shi, ta karɓa ta zura ta miƙa masa.

"Kar ki yi nisa," in ji shi, bai ɗago ba. "Zaren gajere ne, zan sake nemanki."