Kunyar 'Yar Fari

Ban yafe wa yayar mijina ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba. Ita ta rufe min baki ranar da ya kamata in tara wa gidan jama'a da ihu.

'Yata ta fari ta zo goyon ciki gidanmu a Durba. Ƙafafunta suka kumbura har silifa ba ya shiga, fuska ta tashi, kai na sara mata. Ni kuwa sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, karatuna da jan ƙafa ne, amma ina yi. Na ɗauki katin awonta na bi da yatsa. An rubuta a bayansa da Hausa: in jiki ya kumbura, kai yana ciwo, a zo asibiti ba jira.

Na sami mijina a tsakar gida, yayarsa na gefe tana ɓarar gyaɗa. Na ce, "Malam, yarinyar nan a kai ta asibitin Kibiya yau."

Yayar ta ɗago. "Au! Bokon naki har ya kai nan? 'Yar fari ce fa. Sunanta ma ba kya kamawa, yau ke ce mai tsaya mata? Zaƙi ne ya yi mata yawa, na jiƙa magani."

"Yaya, ai a katin aka..."

"Yi mana shiru, likita. Bar mu da 'yarmu."

Shanun huɗa in an ɗaura musu takunkumi don kada su ci shuka, har girgiza kai suke yi. Ni ko girgizawar ban yi ba. Na koma ɗaki don kada a ce ba ni da kunya.

Bayan kwana biyu jijjiga ta kama yarinyar. A asibiti a Rano aka ciro jariri da rai, ita ta tafi. Shekara goma sha tara ina ce mata "ke". Ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba.

Ranar sadakar uku da yamma na ga idon jaririn ya yi rawaya, ya ƙi shan madara. Yayar ta leƙa ta ce, "Shawara ce, zan dafa masa saiwa. Kada ki fara."

Washegari da sassafe na naɗe shi a zani, na wuce ta gabanta tana alwala, na fita titi na tsayar da mai babur na ce asibiti.