Ranar da muka ari uwa don hawa gada

Shekarun baya kaɗan, akwai wata tsohuwar gadar sama a nan Riyad da aka hana motoci hawa, aka mayar da ita wurin tafiyar ƙafa, da bishiyoyi da kujeru. Abokina, mutumin Maraɗi, yana cikin leburorin da suka shimfiɗa mata duwatsu. Ana gama aikin aka kwashe su zuwa wani wuri.

Da kwangilarsa ta ƙare, kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya buga masa bizar tafiya gida gaba ɗaya, sai abokin nawa ya ce min, "Wallahi ba na so in bar ƙasar nan ban hau gadar nan da kayan Juma'ata ba."

To, mu da iyalanmu ke can gida mun san halin garin nan. Sau nawa mai gadi ya tare mu a bakin lambu ya ce, "A'ilat bas," wato sai masu iyali? Ni kuwa, da shegen wayona, na ce mu ari uwa.

Akwai wata tsohuwa Bakatsiniya a unguwar Jaradiya da muke sayen tuwo wurinta. Na je na durƙusa na ce, "Hajiya, ki taimaka ki zama uwarmu yau da la'asar."

Ta ce, "Da wannan gwiwar tawa? Allah ya shirye ku." Amma ta ɗauko abayarta.

Muka iso gindin gadar ina riƙe da jakarta, ina bitar ƙaryar da zan shara. Babu ƙofa, babu mai gadi! Ga 'yan Bangaladash nan su kaɗai suna ɗaukar hoto, ga samari a kan kekuna. Kunya ta rufe ni.

Hajiya ta hau tana haki, ta samu kujera ta zauna, ta dubi abokina. "Ɗan nan, kai ka shimfiɗa wannan da hannunka, amma sai da ka ari uwa kafin ka taka?"

Ya yi dariya, sai kuma na ga yana share ido da hannun riga. Ya tafi har ƙarshen gadar a hankali, shi kaɗai, ya dawo. Washegari na kai shi filin jirgi.

Har yau abin yana min ciwo. Ashe an daɗe da sassauta dokar, mu ne ba mu tambaya ba saboda mun saba da kora. Duk watannin nan yana wucewa ta ƙasa cikin motar kamfani yana ɗaga kai, alhali ba wanda zai ce masa koma.