Mai Iri da Masarar Agaji

A duk unguwannin da ke bakin kogin, in ka ce Mai Iri ba wanda zai tambaye ka wacce. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, mai saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. Gonarta ba ta kai ta kawo ba, shago ba ta da shi, muƙami kuwa ko na shugabar mata ba ta taɓa riƙewa ba. Abin da take da shi ido ne, kuma wurin mahaifinta ta samo shi. Tun tana 'yar yarinya idon tsohon ya fara dushewa, sai ya riƙa riƙe hannunta su shiga gona ana gab da girbi, ita tana dubawa shi yana taɓawa. Ya ce mata kar girman goyo ya ruɗe ta, karan za ta fara duba, ko ya tsaya da ƙafarsa, ko ɓawo ya rufe goyon har baki. Wanda ya ci jarrabawa sai ta ɗaura masa tsumma, masu girbi su tsallake shi.

Da wannan ta yi aure, da shi ta haifi ɗanta guda, da shi ta binne mijinta. Kowace shekara takan rataye zaɓaɓɓun goyon a saman murhu su sha hayaƙi, ta murje su, ta cuɗe da toka saboda ƙwaro, ta toshe bakin tuluna da laka. Ba ta sayarwa. In ruwan farko ya sauka, mata kan yi layi a ƙofar madafarta, kowace da kwanonta, ita kuwa tana zaune a kan turmi tana awo tana faɗa. Wannan ta yi mata faɗan shuka da zurfi, waccan ta yi mata na barin kaji a gona. Ba wadda ta taɓa tambayarta ko irin zai yi. An san in ya fito daga hannunta shi ke nan. Gaskiyar magana, wannan safiyar ita ce duk abin da take so a duniya, kuma saboda ita ce ɗanta direban babbar mota ya yi roƙon duniyar nan ta koma birni wurinsa ta ƙi.

Shekarar ambaliya, ruwan bai zo da gaggawa ba. A hankali ya riƙa hawowa, ya cinye gonakin ƙasa masara tana tsaye da goyonta, ya shigo lungu, ya zauna a tsakar gidaje. Aka kwashe mutane zuwa makarantar firamare da ke kan tudu, iyali uku huɗu a aji ɗaya, an raba tsakani da zannuwa. Da ruwa ya janye Mai Iri ta koma ta tarar bangon madafa ya kwanta a kan tulunan. Ta tona lakar da hannunta. Irin da take ajiyewa na ko-ta-kwana ya tsiro a cikin tulu ya ruɓe, wari kamar me. Gadonta ya tafi, akwatinta ya tafi, duk ta jure, amma a kan tulun nan sai da ta zauna ta yi kuka.

Ana nan sai ga motar masu agaji a filin makarantar. An kyauta, ba laifi. Kowane gida ya samu fartanya da adda, da takin zamani, da hatsin ci, da ƙaramin buhun irin masara mai saurin nuna, don a shuka tun ƙasa tana da sauran danshi. Irin ja ne wur, an shafe shi da magani. Wata malamar gona ce ke bayani, yarinya siririya cikin takalmin roba da ya yi mata yawa, muryarta ta dushe saboda magana. Abu biyu ta yi ta maimaitawa. Na ɗaya, kar a ci, jan nan guba ne. Na biyu, in an girbe kar a ajiye iri daga ciki.

Na farkon kowa ya gane. Na biyun ne ya sa Mai Iri ta ture mutane ta iso gaba.

"'Yar nan, sake faɗa in ji."

"Inna, wannan irin haɗi ne. Iri biyu aka haɗa aka samo shi. Shi zai yi kyau sosai, amma in kika shuka 'ya'yansa kowanne zai ɗauko nasa dangin, wani dogo wani gajere, amfanin ya ragu."

"Ikon Allah! Tun ba a yaye uwarki ba nake ajiye iri. Ina kika taɓa ganin masara mai kyau ta haifi ta banza? To in damina ta zo, me za mu shuka?"

"Za mu buɗe rumfa a kasuwa, Inna. Sabo za a riƙa karɓa, da rahusa sosai."

"Au!" in ji Mai Iri. "Ashe!"

Ta juya ta kalli matan, suka yi dariya. A wurinta magana ta ƙare: ciniki ne, an ba ka na farko kyauta don ka dawo da kuɗinka. Kuma in za a yi adalci, wanda ya shekara hamsin yana ganin masara tana haifar irinta ba zai canja ra'ayi don wata yarinya mai babban takalmi ta faɗa sau biyu cikin hayaniya ba. Ita ma malamar akwai ƙauyuka a gabanta ranar, ta hau mota suka wuce.

Masarar agajin ta yi abin mamaki. Kara duk tsayi ɗaya kamar an yi musu aski, goyo cike har baki, wani karan ma biyu ya goya. Mutanen da suka fito daga ajin makaranta da tabarma kaɗai suka cika ɗaki da buhuna. Mai Iri ta shiga gonarta da tsummokara ta rasa wanda za ta bari, duk sun cancanta. Ba ta taɓa ganin masara irin wannan ba, kuma ta kamu da sonta. Ta gina sabon murhu, ta sayi tuluna, ta rataye, ta murje, ta zuba toka.

Da ruwan farko ya sauka wasu suka nufi rumfar kasuwa, amma layin ƙofar madafa bai ragu sosai ba. Cikin masu layin akwai matar ƙaninta marigayi, wadda har yau Amarya ake ce mata, ga ta da 'ya'ya reras kamar matakala. Gona ɗaya mijin ya bar mata, da ita take ciyar da su. Da aka zo kanta sai ta tsuguna, ta rage murya.

"Yaya, malamar nan fa ta ce kar a..."

"Ke Amarya, tun da kika shigo gidanmu na taɓa ba ki abin da bai yi ba?"

"A'a, Yaya."

"To miƙo kwanon."

Ta miƙa. Mai Iri ma har ƙari ta yi mata, don ya ishe ta gonar gaba ɗaya.

Tsiro ya fito lafiya lau. Sai da masara ta kai gwiwa abin ya fara nuna kansa. Wannan ya yi sama, na kusa da shi ya tsugune, wani ya fitar da fure ɗan'uwansa ko alama babu. Mai Iri ta ce ruwa ne ya yi jinkiri. Da aka kwana biyu ta ce rashin taki ne, bana ba a raba ba. Amma akwai gonar wani kafinta a tsallaken hanya, shi a rumfa ya karɓo nasa, ruwa ɗaya ya dake su, taki shi ma bai da shi da yawa, ga ta nan a tsaye reras. Mai Iri ta daina bi ta wannan hanyar. Lokacin girbi ta ɓare goyo a gonar Amarya ta ga ƙwaya jefi-jefi kamar bakin tsohuwa. Ba a ce ba a samu komai ba, an samu. Sai dai abin da ya kamata ya kai gida damina ta gaba, ko tsakiyar rani bai kai ba.

Amarya ta sayar da awakinta, ta shiga yin wankau a gidajen ma'aikata, hannayenta suka tsattsage. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Sauran matan ma ba wadda ta zagi Mai Iri. Gaisuwa ce kawai ta ƙara tsawo da ladabi, a tambaye ta ƙafa, a tambaye ta ɗanta, a wuce. Da zagin aka yi da ya fi mata sauƙi, don bakinta ba ya faɗuwa ƙasa. Wannan ladabin kuwa ba ta san yadda za ta rama shi ba.

Ba mace ce mai zama tana tagumi ba. Ta sa ɗanta ya ɗauke ta a gaban motarsa zuwa can cikin tudu, inda dangin mahaifinta suke, inda ruwa bai kai ba. A gidan wani ɗan baffanta ta samu tsohuwar farar masarar nan da ta sani, ta roƙi kwano guda. Da ta dawo sai ta yi abin da ya fi tafiyar wuya: ta je rumfar kasuwa ta tsaya a gaban malamar gona, ta kwance bakin ƙulli.

"Wannan fa? Shi ma haram ne a ajiye?"

Malamar ta juya ƙwayar a tafin hannu. "Wannan ana ajiyewa, Inna, shekara da shekaru ma. Sai dai ki shuka shi nesa da namu, kar iska ta haɗa su. Kuma ki yi haƙuri, ranar nan da na tsaya na yi miki bayani sosai."

"Ni na ce ki ba ni haƙuri?" in ji Mai Iri, ta ɗaure ƙullinta ta tafi. Haƙurin ya fi ba ta haushi fiye da a ce yarinyar ta yi mata gori.

A bayan gidanta ta shuka shi cikin rani, lokacin da ba wata masara a kusa. Da bokiti ta riƙa ba shi ruwa daga rijiya, safe da yamma, har bayanta ya ƙi miƙewa. Ya yi kyau, irin kyansa na da, ba mai ɗaukar ido ba. Wannan karon ba ta yarda da goyo kaɗai ba. Ta karye kai da gindi ta ajiye don ci, ta murje na tsakiya, ta baza a faranti a rana tana tsince ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, mai tsaga ta fitar, mai ɗigon baƙi ta fitar. A duk rayuwarta ba ta taɓa haɗa iri mai kyan wannan ba, kuma ta san haka.

Ruwan farko ya sauka. Ta share ƙofar madafa, ta zauna a kan turmi. Kaji ne kawai suka zo. Da rana ta take sai ta tashi ta auna a kwanuka, ta ɗauka da kanta tana bi gida gida, abin da ba ta taɓa yi ba. Kowa ya karɓa, kowa ya yi godiya. Na Amarya ya fi na kowa yawa.

"Wannan na gida ne, na Baba," in ji ta. "Har malamarku na nuna wa."

Amarya ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. "Allah ya saka, Yaya. Allah ya bar mana ke."

Bayan 'yan kwanaki Mai Iri ta ɗauki masarar cinta ta nufi injin niƙa. Rumfar kwano ce a bakin hanya, ƙasa duk gari, kwanuka a jere suna jiran layi. Injin a kashe yake, mai injin yana ɗaure bel ɗin da ke juya shi. Amarya ce a gaba, ta juya baya, ba ta ga shigowarta ba. Mai injin ya miƙe, ya goge hannu a riga, ya ɗauki kwanon Amarya, sai ya tsaya ya tsoma yatsu a ciki.

"Kai! Amarya, ina kika samo wannan? Duk girma ɗaya, ko ta banza guda babu. Ai asara ce a niƙa ta." Ya ɗago kai. "A'a, Gwaggo, sannu da zuwa. Zo ki ga masara."

Ba sai ta matsa ba. An wanke tokar tas, an shanya, amma ta san kowace ƙwaya. Amarya ta juyo, fuskarta ta faɗi. Matan da ke layi kuwa, kowace ta sami abin kallo a cikin kwanonta.

"Yaya..." in ji Amarya. "Na karɓo na rumfa, jiya na gama shukawa. Gona ɗaya gare ni, Yaya."

Mai Iri ta buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshenta, cewa wannan ba irin wancan ba ne, cewa da bokiti ta raine shi, cewa in ba a so a maido mata abinta. Sai idonta ya sauka a kan hannun Amarya da ke riƙe da gammo, duk tsaga, da ƙashin wuyanta da ya fito. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

Mai injin yana tsaye da kwano a hannu, yana kallon wannan yana kallon waccan. "In zuba?"

"Zuba mana," in ji Mai Iri. "Me kake jira? Yara na gida ba su ci ba."

Ya ja igiya, injin ya tashi da ƙara, magana ta gagara. Garin ya fito fari tas. Mai Iri ta kama wa Amarya kwanon ta ɗora mata a ka, ta gyara mata gammo, sannan ta sa ƙafa ta tura nata kwanon gaba.